Antaktika ko Svalbard: wace tafiya ce ta dace da mai tashi daga Legas?

Wanda ya yi niyyar kashe dala 15,000 ko fiye don ya ga ƙarshen duniya daga cikin ƙaramin jirgin ruwa, abu uku ne a gabansa. Kudu zai nufa, wato Antaktika, ko arewa, wato tsibiran Svalbard na Norway, jirgi mai ɗaukar mutum nawa zai hau, kuma in kudu ya zaɓa, ta ruwa zai tsallaka ko ta sama. Ejan mai sayar da tikiti yakan fara nuna maka hoton ɗaki da baranda da teburin abinci. Waɗannan ne ya kamata su zo ƙarshe. Abin da kuɗinka ke saya a irin wannan tafiya shi ne awannin da za ka yi a wajen jirgi, ƙafarka a ƙasa ko kana cikin ƙaramin kwale-kwalen roba da ake kira Zodiac. Da wannan ma'aunin za a gwada komai.

Mu fara da girman jirgi, domin nan mutane suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Ƙungiyar kamfanonin da ke kai masu yawon buɗe ido Antaktika, IAATO, wadda aka kafa a 1991, tana da ƙa'idoji da mambobinta ke bi. Jirgin da ya ɗauko fasinja fiye da 500 ba ya sauke kowa, sai dai a yi kallo daga nesa a juyo. A kowane wuri ba a sauke fiye da mutum 100 a lokaci guda, kuma duk mutum 20 sai da jagora ɗaya. To yi lissafi. Jirgi mai mutum 100 kowa zai sauka tare, galibi sau biyu a yini, safe da yamma, awa biyu zuwa uku kowane fita. Mai mutum 200 raba mutane yake yi gida biyu: rabi su sauka, rabi su zaga cikin Zodiac tsakanin ƙanƙara, daga baya a yi musanya. Wannan ba laifi, don yawon Zodiac ɗin kansa rabin daɗin tafiyar ne. Amma mai mutum 400 sai an yi rukuni huɗu, kowa ya jira a kira launin katinsa, ya sauka kamar awa ɗaya, sau da yawa kuma sau ɗaya a yini. Akwai ma wuraren da ba a yarda jirgi mai fiye da mutum 200 ya sauke kowa ba. Ɗakin jirgin mai 400 na iya fin kyau, kuɗinsa ma na iya zama ƙasa, amma kai da ka taso daga Ikeja ka yi kwana biyu a hanya, ba zaman ɗaki ya kawo ka ba.

A Svalbard ma haka lamarin ya koma. Tun daga 1 ga Janairun 2025 gwamnatin Norway ta hana jirgi mai fasinja fiye da 200 shiga yankunan da aka keɓe, ta kuma taƙaita sauka a cikinsu zuwa wurare 43. Saboda haka kudu ko arewa, kada ka hau jirgin da ya wuce mutum 200. In aljihu zai ɗauka, wanda ke tsakanin 100 da 140 ya fi.

Za ka ga ana rubuta PC6 ko PC5 ko PC2 a gaban sunan jirgi. Matakin ƙarfin jikinsa ne a cikin ƙanƙara, daga PC7 mafi rauni zuwa PC1 mafi ƙarfi. Yawancin sababbin jiragen alfarma PC6 ne ko PC5, kuma wannan ya isa ga tafiyar da aka saba a ɓangarorin biyu. Le Commandant Charcot na kamfanin Ponant, wanda ya fara aiki a 2021, PC2 ne, yana fasa ƙanƙara har tsakiyar ƙuryar arewa, kuɗinsa ma daban ne. In ba can za ka ba, kada ka biya kuɗin ƙarfen da ba za ka mora ba. Amma kar a yi wasa da tsohon jirgi don arha. A watan Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya bugi ƙanƙara kusa da tsibiran South Shetland da ke gefen Antaktika ya nutse, Allah ya sa aka ceto duka mutum 154 da ke ciki. Dokar jiragen yankunan ƙanƙara ta duniya ta fara aiki a 2017, kuma ba laifi ba ne ka tambayi shekarar da aka ƙera jirgi da shekarar da aka yi masa babban gyara.

Yanzu kudu da arewa.

Antaktika ana zuwa ne daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin bazararsu. Yawancin jirage daga Ushuwaya suke tashi, garin da ke can ƙarshen Ajantina. Abin da ya fifita ta shi ne dabbobinta ba nemansu ake yi ba. Ka sauka a Cuverville ko Neko Harbour, tsuntsayen fengwin dubbai suna ta kai-komo a kan hanyoyin da ƙafafunsu suka tona cikin ƙanƙara, wani ɗauke da tsakuwa a baki zai kai sheƙa, wani na bin sa zai sace. Ƙa'ida ita ce ka tsaya mita 5 daga gare su, in suna tafe ka ba su hanya. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne wari. Kashinsu ja-ja ne saboda ƙananan jatan landen da suke ci, kuma tun kana cikin Zodiac hancinka zai gaya maka kun kusa. A Nuwamba ƙanƙara fara ce fat, tsuntsaye na haɗa sheƙa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu 'ya'ya ke ƙyanƙyashewa, shi ne lokacin da ya fi tsada. Fabrairu da Maris manyan kifayen wel sun fi yawa, amma wuraren sauka sun zama laka.

Svalbard tsibirai ne na Norway, babban garinsu Longyearbyen, ana zuwa daga Mayu zuwa Satumba. Abin da ke jan mutane shi ne farin beyar, babbar dabba mai cin nama, wanda babu shi a kudu sam, kamar yadda babu fengwin a arewa. Sai dai beyar nemansa ake yi. Jagorori na tsaye da madubin hangen nesa dare da rana, kuma dokar 2025 ta ce a tsaya aƙalla mita 300 daga gare shi, mita 500 daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni. Ma'ana, wanda ya zo da kyamarar waya kawai zai koma da hoton farin ɗigo. Sayi madubin hangen nesa mai 8x42 ko 10x42, kowane mutum nasa, kar miji da mata su ce za su yi karo-karo da guda ɗaya. Kafin a sauke kowa, jagorori masu bindiga sukan fara sauka su duba wurin. In aka hango beyar a kusa, an fasa saukar ke nan. Ba kamfanin da zai rubuta maka alkawarin ganin beyar, in ejan ya yi maka da baki, ka san da wa kake ciniki. Abin da ya fi tabbas shi ne walras, manyan dabbobin ruwa masu dogon haure, kwance a gaɓa, barewar ƙanƙara, dilan arewa, da tsaunin Alkefjellet da tsuntsaye suka cika kowane lungunsa. Tafiyar ƙasa a nan ta fi tsawo, akwai hawa da ganganci, ga 'yan furanni a Yuli. Zagaye babban tsibirin gaba ɗaya sai ƙanƙara ta ba da hanya, wato galibi Yuli da Agusta.

Sanyi bai kai yadda ake zato ba a ko'ina cikinsu. A kudu ma'auni yana yawo ne kusa da sifiri, a Svalbard 'yan digiri kaɗan sama da haka. Iska da feshin ruwa ne ke wahalar da mutum.

Babban bambancin yana cikin teku. Svalbard jirgi yana bin gaɓa ne da lungunan ruwa, tun washegarin hawa an fara fita, saboda haka tafiyar kwana 8 kusan duka kwanan aiki ne. Antaktika kuwa sai an tsallaka mashigin Drake, kimanin kilomita 800 na buɗaɗɗen teku, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Tafiyar da aka tallata da kwana 11, in ka cire ranar hawa da ranar sauka da huɗu na Drake, wani lokaci da kwanan otal ɗaya da aka cusa cikin lissafi, abin da ya rage kwana huɗu ne ko biyar. Raba kuɗin da wannan adadin. Dala 15,000 a kwana huɗu ta zama 3,750 kowace rana, dala 17,000 a kwana biyar ta zama 3,400. Mai tsadar shi ne mai arha.

Drake wata rana lafiya lau, wata rana igiyar ruwa ta kai mita da yawa, a ɗaure kujeru, a hana fita waje. Wanda jirgin ruwan Ikorodu zuwa CMS ke tayar masa da zuciya, ya san abin da ke jiransa. Abin da ke taimakawa: ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa. Abin mamaki, ɗakunan da suka fi tsada su ne na sama da na gaba, kuma su suka fi jijjiga. Jiragen zamani suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, wasu kuma, irin Greg Mortimer da ya fito a 2019, hancinsu ya lanƙwasa baya don ya yanka igiya maimakon ya hau ya faɗo. Wannan yana rage buguwar gaba, ba ya hana karkata gefe. Maganin jiri ana shan sa ne tun jirgi na cikin mashigin Beagle, siririyar hanyar ruwan da ake bi daga Ushuwaya, kafin a fita fili, domin in amai ya fara ƙwaya ba ta zama a ciki. Akwai filastar da ake mannawa a bayan kunne, tana busar da baki, kuma ba ta dace da mai hawan jinin ido ba. Ga likitanka a Legas kafin ka tashi.

Mai tsoron teku yana da mafita: a tashi daga Punta Arenas a Chile, jirgin sama na kimanin awa biyu zuwa tsibirin King George, a hau jirgin ruwa daga can. An tsira daga kwana huɗu, wanda ga ɗan kasuwar da ba ya iya barin shago mako uku abu ne babba. Kuɗin kowane kwana ya fi yawa, kuma kaya da iyaka, wajen kilo 20. Matsalar ita ce titin saukar tsakuwa ne, in hazo ya rufe matuƙi ba zai tashi ba. Ana iya zama a otal kwana ɗaya ko biyu ana jira, kuma kwanakin daga cikin naka ake cirewa. In jinkirin ya wuce wa'adin da ke cikin yarjejeniya, a soke tafiyar. Karanta wannan sakin layi da kanka: kuɗi ake mayarwa ko a ce ka dawo baɗi? A dawowa ma hazo na iya riƙe ku, saboda haka kada ka sa jirginka na komawa Legas a washegari. Bar tazarar kwana biyu.

Akwai doguwar tafiya da ke haɗawa da tsibirin South Georgia, mako uku ko kusa, inda manyan fengwin ke cika gaɓa har iyakar gani, ga kabarin Shackleton, shahararren mai binciken Antaktika, wanda ya rasu a can a 1922. Masu sanin harkar da yawa sun fi son ta a kan komai, amma kwanan teku sun fi yawa, kuma tun da murar tsuntsaye ta isa can a Oktoban 2023 ana iya rufe wurin sauka ba tare da sanarwa ba. Ba ta fari ba ce.

Ga mai fasfo na Najeriya, biza na iya yanke hukunci tun kafin a zo batun dabbobi. Antaktika ba ta kowa ba ce, yarjejeniyar 1959 ke tafiyar da ita, ba ta da biza. Amma ƙofar shiga tana da ita. Ta Ushuwaya kana buƙatar bizar Ajantina, ofishin jakadancinsu kuma yana Abuja. Ta Punta Arenas, bizar Chile. Nemi wadda ke ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, don za ka fita ka dawo. Hanyar ma da tsawo: ta Addis Ababa ko Istanbul zuwa Buenos Aires, galibi da yada zango a São Paulo, sannan wani jirgin awa uku da rabi zuwa Ushuwaya. Buenos Aires filin jirgi biyu ne, Ezeiza inda ake sauka daga waje da Aeroparque inda yawancin jiragen cikin gida ke tashi, tsakaninsu tafiyar mota ce, kar a haɗa su da tazarar awa biyu. In ka ce za ka bi ta Paris ko Madrid ko Frankfurt, ka sani Najeriya na cikin ƙasashen da ake neman bizar wucewa ta filin jirgi ko da ba za ka fita gari ba, sai in kana da wata bizar da ke ɗauke wannan, irin ta Amurka ko Kanada. Isa Ushuwaya aƙalla kwana ɗaya kafin tashi, biyu ya fi. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa, akwatin da ya maƙale a hanya kuma ba shi da yadda zai bi ka.

Svalbard ta fi kusa: Legas zuwa Turai, zuwa Oslo, sai awa uku zuwa Longyearbyen. Ita kanta ba ta neman biza, amma ga tarkon: tana wajen yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Norway. Ka shiga Schengen a hanyar zuwa, ka fita da ka tashi zuwa Longyearbyen, a dawowa ka sake shiga. Bizar shiga sau ɗaya ta ƙare tun a zuwa. Dole a cike fom da neman shiga sau biyu ko fiye, kuma da fasfo ya fito a duba abin da aka buga. Lokacin ma ya zo daidai da dogon hutun makaranta, saboda haka ga iyali ita ce mafi sauƙi, muddin yara sun kai shekarun da kamfanin ya gindaya, wanda ya bambanta daga jirgi zuwa jirgi.

Ga Musulmi akwai lissafin da ejan ba zai yi maka ba. A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta, ƙarfe biyun dare kamar hantsi. Malamai sun yi bayanin salla a irin wannan wuri bisa hadisin Dujal, inda aka yi umarni da a ƙaddara lokaci. Wasu suka ce a bi lokutan gari mafi kusa da ake bambance dare da rana, wasu suka ce a bi na Makka. Tambayi malaminka tun a gida, ka rubuta jadawalin a takarda, don manhajar waya takan rikice a can. A yankin Antaktika da ake zuwa rana takan faɗi na ɗan lokaci, amma a Disamba da Janairu duhu ba ya kamawa, alamar Isha da Asuba ta ɓace. Sannan ga azumi: ana sa ran na 2027 ya kama a farko-farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, na 2029 a tsakiyarsa. Shekaru masu zuwa Ramadan zai riƙa faɗawa tsakiyar kakar Antaktika. Matafiyi na da rangwame, amma wanda ba ya son yin azumi ko bikin Salla a wajen gida ya dubi Nuwamba ko farkon Disamba, ko ya nufi arewa, wadda Yuli da Agustanta ba su ci karo da azumi ko aikin Hajji a waɗannan shekarun.

Abinci kuma a rubuta buƙatar halal tun wajen biyan kuɗi, domin jirgi yana loda kayansa ne kafin tashi, ba kasuwa a hanya. In ba a samu ba, kifi da ganye ba sa yankewa. Wani abin lura: jiragen da suka fi tsada suna haɗa giya kala-kala cikin kuɗin tikiti. Wanda ba ya sha yana biya wa masu sha. Jirgi mai mutum 120 da ƙwararrun jagorori, wanda ba ya raba giya kyauta, sau da yawa ya fi dacewa da mu.

Tufafi iri ɗaya ne ga kudu da arewa. Yawancin kamfanoni na ba da babbar rigar sanyi da aron dogon takalmin roba, don daga Zodiac cikin ruwa ake diro ƙafa. Naka shi ne wandon da ruwa ba ya ratsawa, wanda ba a barin mutum ya hau Zodiac ba tare da shi ba, rigar ciki da wandon ciki na ulu saiti biyu, rigar tsakiya mai kauri, safar ulu ƙafa uku ko huɗu, safar hannu biyu don ɗaya za ta jiƙe, hula mai rufe kunne, da baƙin tabarau mai kyau. Auduga ba ta aiki, in ta sha gumi sanyi take riƙewa. Hajiya na iya sa hijabi ƙarƙashin hula, amma dogon mayafi da siket suna kama igiya da tsani. Man kare fata da na leɓe wajibi ne ko da fatarka baƙa ce, don ƙanƙara na mayar da hasken rana fuska. Ana samun wasu kayan a gwanjon Katangowa ko Yaba, sai dai a wanke su sosai, a tsince aljihu da mannen rigar. Kafin saukar farko a kudu za a sa kowa ya zuƙe kayansa da inji, jagora na dubawa ɗaya bayan ɗaya, ƙwayar ciyawa guda ba a bari ta wuce. A ƙasa kuma ba zama, ba durƙuso, ba ajiye jaka, saboda murar tsuntsaye. Salla a cikin jirgi ake yi.

Mai ciwon suga ko hawan jini ko zuciya ya auna wannan da kyau. Likitan jirgi na da ƙaramin ɗakin magani ne kawai. A Svalbard akwai ƙaramin asibiti a Longyearbyen da jirage masu saukar ungulu na ceto. A Antaktika babu asibiti, sai jirgi ya juya da kowa da kowa zuwa King George, a jira jirgin sama daga Chile, in yanayi ya yarda. Shi ya sa kamfanoni ke neman inshorar kwashe marar lafiya, da yawa ba sa karɓar ƙasa da dala 100,000. Inshorar da ake saye don neman biza galibi ba ta kai nan ba, duba ko an ambaci yankin ƙanƙara da sunansa. Maganinka ka ɗauki na mako guda ƙari, a jakar hannu.

To wanne? Wanda ke son tabbacin ganin abin da ya biya, yana da mako biyu da rabi da ƙoshin lafiya, ya tafi Antaktika ta ruwa a jirgi mai ƙasa da mutum 200. Mai ƙarancin lokaci da tsoron teku ya bi ta sama, da sanin hazo na iya cin kwanansa. Mai iyali, ko dattijo, ko wanda ya riga ya saba samun bizar Schengen, Svalbard a Yuli.

Tsarin biyan kuɗi shi ne wurin taka-tsantsan na ƙarshe. Ana ba da kafin alƙalami wajen kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ragowar kuma kwana 90 zuwa 120 kafin tashi, da dala ko yuro, saboda haka a shirya asusun dala tun wuri. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya ƙarin rabin kuɗi ko ma ninki in yana son ɗaki nasa. Matsalar tamu ita ce ofishin jakadanci zai nemi takardar shaidar tafiya kafin ya ba da biza, kamfani kuma zai nemi cikon kuɗi wataƙila kafin bizar ta fito. In aka hana ka bayan ka biya, yawancin yarjejeniyoyi na ɗaukar sa a matsayin kai ka fasa. Tun kafin ka tura ko dala ɗaya, sa kamfanin ya rubuto maka abin da zai faru da kuɗinka in aka hana biza, ka nemi inshorar fasa tafiya da ta ambaci wannan ƙarara, sannan ka shigar da takardun biza a rana ta farko da ofishin zai karɓa. Na Schengen ana karɓa tun saura wata shida.